Hajiya Sailuba a Cikin Furanni

Shekara talatin da 'yan kai Hajiya Sailuba ta yi tana sarin albasa a kasuwar Gouro ta Adjamé, kuma a iya sanin mutane babu wanda ya taɓa kallonta fure ya faɗo masa a rai. Mace ce mai jiki, mai murya, ga gwiwa ɗaya da ta fara ƙin aiki. Direbobin kamyon da ke sauko da kaya daga Galmi sun san ta, masu dako ma sun san ta. Idan ta ɗora tafin hannu a kan buhu ta ce akwai ruɓaɓɓiya a ƙasa, ba a musu da ita, zazzagewa ake yi. Tana ciniki da Hausa da Julanci da wani irin Faransanci nata na kanta, wanda ba a koyar da shi a lakwal, wato makarantar boko, amma bai taɓa kayar da ita ba.

Autarta Khairat a nan Abidjan aka haife ta, a gidan da marigayi Malam Idi mahauci ya bar musu a Belleville, cikin Treichville. Yayyenta duk sun kama abin da aka sani. Babban, Usama, ya gaji teburin naman uban, mata biyu kuma suna gidajen mazajensu. Ita kuwa da ta gama sakandare sai ta ce zane za ta karanta. Sailuba ta ɗauka zanen gidaje ne, irin na magina, har ta gaya wa maƙwabta. Sai da aka ci rabin shekara ta gane na fenti ne. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai kafa doka cewa ba a wanke buroshi a robar wanke-wanke.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya yi babban aiki guda wanda za a nuna wa jama'a. Khairat ta yi makonni tana neman abin da za ta zana. Ran nan tana binciken takardar haihuwarta a akwatin ƙarfen uwar, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba, sai ta ci karo da wani hoto mai launi, bai fi tafin hannu ba, gefensa duk ya cinye. Ta fito tsakar gida da shi a guje.

"Mama, ke ce wannan?"

Sailuba tana tsintar shinkafa. Ta ɗaga ido sau ɗaya. "Ni ce."

"A ina?"

"A gida."

"Kai, Mama! Tu étais belle! Ashe kyakkyawa ce ke!"

"In kin gama ki rufe akwatin, kyankyasai na shiga."

Iyakar tambayar da aka yi ke nan, iyakar amsar kuma ke nan.

Wata biyu Khairat ta mamaye falo. Ta ɗame ƙyalle a kan katako, girmansa ya kai ƙyauren ɗaki in an kwantar da shi, kullum in ta tashi sai ta juya fuskarsa ga bango don kada a gani. Gidan ya cika da warin fenti har tuwo ya fara ɗauka. Wata Juma'a bayan La'asar ta kira uwar, ta zaunar da ita a kujera, ta juyo da abin.

Wata ƙaramar mace ce sanye da shuɗin zane, ba takalmi, ta sunkuya a cikin gona. Hannun hagu ya rungume tulin furanni a ƙirji, na dama ya miƙa zai kamo wani. Furannin ruwan hoda ne mai sirkin shunayya, sun cika gaba, sun cika baya, sun tafi har inda ƙasa ta haɗu da sama. Can nesa akwai 'yan karan gero sirara da gawo ɗaya babu ganye. Khairat ta ga launin furen ya fi na geron kyau, saboda haka ta tura geron baya, ta ninka furen ya fi sau goma. Ta kuma ƙara balbelu biyu a sama, don wurin ya yi mata fili da yawa.

Sailuba ta duba. Ta san gonar, ta san gawon, ta san ranar. Furen nan kuwa ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ba a shuka shi. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar gero ya yi ta tsotsa, ba ya leƙo waje sai ya gama ɓarna, sannan ya fito ya yi ado. Manomi in ya wayi gari ya ga gonarsa ta yi wannan kyau, ya san bana rumbunsa iska zai ajiye. A ranar tana da shekara goma sha tara, da cikin Usama wata biyar, tun hantsi take tumɓuke shi tana kaiwa bakin gona ana ƙonawa. Sai ga motar masu aikin gona ta tsaya, wani Bature ya fito tare da malamin gona, ya ɗauki hoto. Bayan wata uku malamin gonar ya kawo mata shi a cikin ambulan. Shi ne kaɗai abin da ta taɓa samu daga wannan aikin gonar.

"Mama, ki ce wani abu mana."

Sailuba ta buɗe baki. Sai ta ga yarinyar a tsaye ta haɗa hannuwa, ga fenti a kunnenta, ga wuyan da ya rame tun watan jiya.

"Zanen ya yi kyau," in ji ta.

"Wanne? Nawa, ko na jikinta?"

"Na jikinta. Na gaskiyar a yage yake ta gefe, kin ɗinke mini." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Naki ma ba laifi."

Khairat ta yi tsalle ta rungume ta, don ta san nauyin maganar. Matar Usama ma, da ta shekara bakwai tana haƙuri da gidan, "ba laifi" ta samu.

Sailuba ta yi niyyar faɗa mata gobe. Goben ta zo, ta fito da jakarta za ta tafi kasuwa, ta bi ta falo, sai ta tsaya. Yarinyar da ke cikin zanen ba ta sauri. Bayanta ba ya ciwo, babu uwar miji da ke jiran ta da tulu, babu alamar ta san abin da rumbu yake ciki. Ta fito ne kawai ta tsinki fure ta koma. Sailuba ta yi lissafin rayuwarta daga garinsu Madawa har bakin teku, ba ta tuna ta taɓa tsinkar wani abu da ba ya shiga miya ko wuta ba. Ranar sai da ta rasa woro-woron farko, tasin da take shiga zuwa kasuwa. Kwana goma sha biyu zanen ya yi a falo yana bushewa, kullum da safe sai ta tsaya, kullum kuma sai ta bar maganar sai gobe.

An yi baje kolin ranar Asabar da yamma, a wani babban zaure a Treichville, ba nisa da gida. Sailuba ta bar wa maƙwabciyarta Zuwaira rumfa tun azahar, ta dawo ta yi wanka, ta sa shaddarta ta zuwa biki, ta fesa turare har sau uku. Duk da haka wata baiwar Allah da ta zauna kusa da ita ta yi ta waige-waige tana neman inda ake suya. Aka zagayo da abinci ɗan mitsi-mitsi a soke da tsinke. Sailuba ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta ga albasar da ke kai ta kwana biyu da yankawa, ta mayar.

Malamin su Khairat, Mushe Aka (haka suke faɗin Monsieur), dogon mutum ne mai furfura a gemu da tabarau a rataye a wuya. Ya bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya jama'a na biye da shi. Na wasu minti biyu ya ba su. Da ya iso na Khairat sai ya tsaya, ya sa tabarau, ya ja baya, ya cire tabarau. A ƙasan zanen an manna 'yar takarda da sunansa, wanda Khairat ta fassara wa uwar da "Mai Tsinkar Fure". Sannan ya fara magana da wani Faransanci mai tsawo wanda ba ya zuwa kasuwar Gouro. Khairat ta matso kunnen uwar tana juya mata, da irin Hausarta da ke ɗingishi in zance ya yi nisa.

"Ya ce furen yana nufin ƙuruciya. Ya ce da zarar an tsinke shi ya fara mutuwa. Wato matar tana tara kwanakinta ne a ƙirji, amma ba za ta iya riƙe su ba."

"To."

"Ya ce bishiyar da babu ganye mutuwa ce, tana jira a baya."

"Gawo ne. Da damina ba ya ganye."

"Mama, shii. Ya ce ƙafarta da babu takalmi, wato ita da ƙasa abu ɗaya ne, kamar uwa da 'ya. Ya ce tsuntsaye biyun, ƙila ita ce da wanda take so."

"Balbela ba ta zuwa inda babu shanu."

"Ni na ƙara su."

"Na sani."

Mushe Aka ya matsa kusa da fuskar yarinyar cikin zanen, ya nuna girar da ta haɗe da idon da ke kallon gefe, ƙasa-ƙasa. Ya sassauta murya. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, Khairat ta yi ta nemanta a Hausa ba ta samu ba.

"Mélancolie, Mama. Kamar baƙin ciki ne, amma mai daɗi."

"Akwai irin wannan?"

"Akwai."

Sailuba ta dubi fuskar. Ta tuna abin da idon ke kallo. Baturen ne, da ya ja baya don ya samu gawon a cikin hoton, ya ɗora takalminsa mai nauyi a kan waken da ta shuka a tsakanin geron, wanda shi kaɗai ne ya nuna alamar zai yi a shekarar. Ba ta jin yarensa, kuma ba a yi wa baƙo tsawa. Sai ta tsaya tana kallon takalmin.

Wani ɗalibi ya raɗa wa malamin cewa ai matar tana cikin zauren. Nan da nan aka buɗa, aka yi tafi, aka turo Sailuba gaba ta tsaya kusa da kanta. Jama'a suka dubi yarinyar, suka dubi Hajiya, suka sake duban yarinyar, kowa ya yi ƙoƙarin kada fuskarsa ta nuna komai. Mushe Aka ya ɗan rusuna, ya yi tambaya.

"Ya ce, Madam, in ba sirri ba ne, wa kika kai wa furannin ranar?"

Sailuba ba ta saba yin ƙarya a gaban jama'a ba. A kasuwa ma in za ta yi, mutum ɗaya take yi wa.

"Ce masa wuta na kai wa."

"Mama?"

"Wuta. Ƙonawa muka yi."

Khairat ta faɗa da Faransanci. Mushe Aka ya rufe ido, ya dafa ƙirji. Da ya buɗe sai ya juya ga jama'a ya yi magana ta minti biyar, hannu na tashi yana sauka.

"Me ya ce?"

"Ya ce duk littattafan da ya karanta ba su kai wannan amsar ba. Ya ce kin ba wa wuta kyau don kada ki ga tsufansa. Ya ce ke mawaƙiya ce ba ki sani ba."

Aka sake tafi, wannan ya fi na farko. Wata mata ta share ido da gefen gyale. Sailuba ta nemi kujera ta zauna, don gwiwar ta fara magana.

Bayan jama'a sun ragu, mai gadin zauren ya shigo tattara kujeru. Dattijo ne siriri da hula ta sha wanki, sunansa Kailu, mutumin wajen Ƙonni. Ya ɗauko kujeru huɗu a kafaɗa zai wuce, ya ga zanen, ya tsaya cak. Ya sauke kujerun a hankali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki mai tsawo irin na jaje.

"Innalillahi. Wannan gona ta tafi."

Ya waiwayo ya ga Hajiya, ya gane ta gida ce tun daga ɗaurin kallabi. Suka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi zaman baƙunta. Khairat tana gefe tana naɗe wata waya.

"Hajiya, na ji an ce ke ce. A wace ƙasa ƙuduji ya ci gona haka?"

"Bayan Madawa."

"Allah sarki. Dami nawa kuka ɗauka?"

"Huɗu."

"A wannan?"

"Bai kai haka yawa ba, Malam. Yarinya ce ta ƙara."

"Yawwa. Ni ma na ce. Da ya kai haka, ko huɗun ba za ku gani ba." Ya sake duban zanen. "Amma ta iya. Kamar in sa hannu in tumɓuke."

Khairat ta ajiye wayar. "Baba, mene ne ƙuduji?"

Kailu ya dubi uwar. Uwar ta dubi silin. Shi kuwa mutum ne da in yaro ya yi tambaya sai ya ba shi amsa, saboda haka ya yi mata bayani tiryan-tiryan, da saiwar, da tsotson, da yadda geron ke tsayawa iya gwiwa ya yi ja kamar an babbaka shi. Ya ce a garinsu in mace ta ga furen nan a gonar mijinta ba ta dafa tuwo da yawa daga ranar. Da ya gama ya yi musu sai da safe, ya ɗauki kujerunsa.

A ƙafa suka koma, don babu nisa. Ana ta kiran Magariba, masu soya ayaba, aloko, sun hura wuta a bakin titi, yara na kwashe ƙwallo daga hanya. Khairat tana gaba da taku uku har suka wuce shagon mai gyaran firiji. A nan ta juyo.

"Kwana goma sha biyu yana falo, Mama. Kullum kina wucewa ta gabansa."

"Ina tsayawa ma."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Kin bar ni na tsaya gaban mutane ina fassara miki shirme!"

"Kin tambaye ni ni ce, na ce ni ce. Kin tambaye ni a ina, na ce a gida."

"Ai ba haka ake yi ba!"

"Rage murya, Auta, a titi muke."

Suka shiga gida, suka yi salla. Sailuba ta zauna a tabarma a tsakar gida ta miƙe ƙafar mai ciwo, Khairat ta zauna a bakin ƙofa ta ba ta rabin baya. Babu wanda ya yi maganar abinci. Can Sailuba ta fara, ba tare da ta dubi kowa ba, da muryar da take gaya wa direba inda zai sauke kaya.

Ta ce dami huɗun nan su tara ne a kansu. Kafin sanyi ya fita sun ƙare. Malam Idi ya bi wata motar shanu ya yi kudu, ya ce wata uku zai yi, sai ga saƙo cewa ya samu wurin wani mahauci a Treichville, ta taho. Ta taho da Usama a goye yana da wata huɗu, kwana shida a hanya, da ƙullin kaya ɗaya da hoton a cikin ɗan tofi. Ta ce innarta ta raka ta har bakin gonar, gindin gawon nan, don a nan mota ke tsayawa. Innar ta ce mata ta tafi da sauri kada ta waiwayo, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske ba ta waiwaya ba. Bayan shekara uku aka aiko cewa innar ta rasu. Gonar kuma 'yan'uwan Idi suka sayar.

"Shi ke nan labarin," in ji ta. "Babu tsuntsu a ciki."

Khairat tana kuka a hankali, tana sharewa da bayan hannu. Ta ce gobe za ta je ta ɗauko zanen. Za ta goge furannin, ta dawo da geron gaba yadda ya ƙone, ta yaga zanen jikin yarinyar, ta sa rana ta tsakiya mai zafi. Za ta canza sunan. Za ta gaya wa Mushe Aka a gaban kowa.

"Suna naki ne, ki canza in kina so. Malaminki ma ki gaya masa, kada ya je ya faɗa a wani wuri a yi masa dariya, mutumin kirki ne. Amma yarinyar kada ki taɓa ta."

"Mama, ƙarya ce fa."

"Ta gaskiyar tana cikin akwati, ta sha wahalarta ta gama. Wannan ki bar ta ta huta." Ta murza gwiwa. "Abu ɗaya za ki gyara. Ki sa mata takalmi. Gonar nan akwai ƙarangiya."

Ranar Litinin Khairat ta sami Mushe Aka a ofis ta gaya masa komai. Ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce ashe zanen ya fi zurfin da ya zata, ya zauna ya rubuta sabon bayani wanda ya ninka na farko tsawo. Khairat ta kawo takardar gida za ta fassara, Sailuba ta ce a bari sai ranar da ba ta da aiki. Sunan bai canza ba, don Khairat ta rasa wanda zai maye shi. Takalmin dai an sa, silifa kore irin na roba, kuma ta ci jarrabawarta.

Wata likita da ta halarci baje kolin ita ta ɗauki zanen, ta rataye shi a ɗakin jira na ƙaramin asibitinta a nan Treichville, ta ce launinsa zai kwantar wa marasa lafiya da hankali. Bayan 'yan watanni ta gaya wa Khairat cewa abin mamaki, mutanen arewa ne suka fi jin zanen. Sai su tsaya a gabansa suna girgiza kai, wasu har da addu'a.

Da gwiwar ta matsa, can Usama ya kai uwar, ya ajiye ta ya koma teburinsa. Sailuba ta sami benci a ƙarƙashin zanen ta zauna. Kusa da ita wani tsoho ne da sanda, daga gani makiyayi ne ko manomi da 'ya'ya suka ɗauko daga gida don a duba masa ido. Ya karkata kai yana kallon bangon da idon da ya fi gani. Ba wanda ya tambaye shi, ya ce:

"Wannan matar aikin banza take yi."

Sailuba ta gyara zama. "Kamar yaya, Malam?"

"In ya yi fure ai ya gama shan geron tun a ƙasa. Ko ta cire duka, bana dai ta tafi. Ina take tun farko?"

"Tun farko ba a ganinsa. Kuma ita kaɗai ce a gonar, ga ciki."

Tsohon ya ƙara matsa ido. "Ban ga ciki ba."

"Furen ya rufe. Kuma ba don bana take cirewa ba. Don kada ya zubar da iri ne, saboda baɗi."

"To, wannan magana ce." Ya gyaɗa kai. "Baɗin ta samu?"

"Baɗin ba ta nan."

"Kin san ta ne, Hajiya?"

Malamar asibiti ta leƙo da takarda a hannu ta kira suna, ta ɓata shi kamar yadda ake ɓata shi a ko'ina a garin nan. Sailuba ta dafa benci ta miƙe, ta ɗauki jakarta.

"Garinmu ɗaya," in ji ta. "Malam, ka matso nan, wajen ya fi samun fanka."